Kifin Shak Ma Yana Barci

A wani jawabi da ya gabatar ga 'yan'uwa matasa, malamin ya taɓo maganar nan da ta yaɗu a bakin jama'a, wai kifin shak, dodon teku, ba ya runtsawa tun daga haihuwa har mutuwa. Ya ce sam zancen ba haka yake ba.

Ya bayyana cewa shak ya haura iri 500, kuma dukkansu suna samun iska ne daga ruwan da ke ratsa tsagogin da ke gefen kawunansu. Wasu, kamar babban farin shak, sai suna tafiya baki buɗe ruwan ke ratsawa. In suka tsaya cak numfashi ya yanke, shi ya sa sukan mutu in taru ya riƙe su. Wasu kuwa suna iya zuƙo ruwa da baki su tura shi ta tsagogin, don haka sukan kwanta abinsu a ƙasan teku ko cikin kogo.

Malamin ya ci gaba da cewa a shekarar 2022 masana sun fitar da sakamakon bincike kan wani ƙaramin shak na tekun Niyu Zilan. Sun gano cewa in ya miƙe a ƙasa na minti 5 ko fiye, iskar da jikinsa ke sha tana raguwa, wanda alama ce ta barci. Abin mamaki, wani lokaci idonsa a buɗe yake yin barcin.

To, masu yawan tafiya fa? Ya ce su ma suna da dabarar hutawa. A 2021 an bayyana yadda wasu shak a tsibirin Fakarava na tekun Fasifik ke taruwa da rana inda ruwa ke tunkuɗowa sama, ya riƙa ɗaukar su kamar yadda iska ke ɗaukar shirwa. Ta haka suke rage ƙarfin da suke kashewa da kimanin kashi 15 cikin 100.

Daga ƙarshe ya ja hankalin matasa masu alfahari da kwana ido biyu, ko wajen karatu ko wajen hira. Ya ce in dodon teku bai wadatu daga hutu ba, ina ga ɗan Adam? Wanda ya hana jikinsa barci, gobe ba zai riƙe karatu ba, ba kuma zai iya aiki ba. Ya yi kira ga kowa ya tsayar wa kansa lokacin kwanciya, ya kuma kiyaye shi.