Mu da Kwaminis na Faransi

'Yan'uwa, ku saurara. Da aka kafa R.D.A. a Bamako a 1946, wakilanmu na majalisar Paris suka jingina da jam'iyyar Kwaminis ta Faransi. Wurinsu muka koyi kafa rassa da ƙungiyar ma'aikata. A 1947 aka fid da su daga gwamnati, sai kumandan ya juyo kanmu da ɗauri da kora daga aiki. A 1950 Hufwe Bwanyi ya rabu da su, Jibo Bakari ya ƙi. Amma a 1956 su da kansu suka ba gwamnati ƙuri'ar ƙara yaƙin Aljeriya. To, abokin tafiya daban, mai gida daban. Mu karɓi dabara, linzami kuwa ya zauna hannun talakawanmu, daga Tawa har Damagaram.