Baƙin Allo da Kwamfutar da ke Nesa



Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin uwar garke a wata cibiyar jarrabawa ta Jimeta cikin watan Afrilu ya san zafi. A waje ma'auni ya haura digiri 40, a ciki na'urar sanyaya ɗaki na fama, janareta na ta ruri. Tun 2015, da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, irin waɗannan ɗakuna suka yawaita, kuma kowanne da mutum guda da ake nema idan abu ya cije. Sau da yawa kiran kan same shi ya yi nisa: yana cikin garin Yola, ko ya haye gadar Binuwai ya nufi Girei, inda Jami'ar Modibbo Adama take.

Abin da yawancinsu suka saba shi ne Remote Desktop, tsarin da Microsoft ta fito da shi a 1998. Mutum na zaune da laftof ɗinsa, sai fuskar waccan kwamfutar ta bayyana gabansa, ya riƙa jan linzami kamar yana ɗakin. Akwai daɗi idan sabis na da ƙarfi. Amma hoto ne ake ta aikowa, hoto kuwa data yake ci. Da sabis ya yi rauni, sai ka ga bawan Allah ya danna abu, ya naɗe hannu yana jiran allo ya motsa.

Ga wata matsalar da ba kowa ke lura da ita ba. Wanda ya gama aiki ya rufe tagar kawai bai fita ba. Zamansa na nan a rataye, manhajojin da ya buɗe na aiki, fayil ɗin da ya taɓa yana riƙe a hannunsa. Ma'aikata huɗu ko biyar su yi haka, sai uwar garke ta fara jan ƙafa, a ɗora laifin kan zafi ko tsufan na'ura.

Wanda ya iya baƙin allo, wato sarrafa kwamfuta da umarnin rubutu, daga cikin Keke Napep ma zai warware wannan. Ya shiga uwar garken daga nesa ta SSH, ya rubuta umarnin query session. Nan take jeri zai fito: sunan kowa, lambar zamansa, da halin da yake ciki. Wanda aka rubuta wa Active yana kan aiki, mai Disc kuwa ya tafi ya bar ƙofa a buɗe. Idan lambarsa 3 ce, logoff 3 ya wadatar. Haruffa ne ƙalilan, datar da suka ci ba ta kai ta hoto guda a WhatsApp ba. Sai dai mai hankali kan buga waya tukuna, don abin da mai zaman bai adana ba ya tafi ke nan, kuma ba a rasa akantan da ya bar lissafin wata guda a buɗe.

SSH ɗin nan ma tarihinsa na jami'a ne. Tatu Ylönen ya rubuta shi a 1995 a Jami'ar Fasaha ta Helsinki, bayan an gano masu kutse suna tsintar kalmomin sirri a kan layin makarantar. Duk abin da ya bi ta cikinsa a lulluɓe yake tafiya. A ɓangaren Linux kuma akwai tmux, wadda kamar don Adamawa aka yi ta: sabis ya yanke ana tsakiyar aiki, aikin bai tsaya ba, mutum ya dawo ya tarar da shi inda ya kai.

Batun tsaro ba na wasa ba ne. Remote Desktop na sauraro ta ƙofa mai lamba 3389, kuma dare da rana akwai masu zagaya intanet suna ƙwanƙwasa ta. A watan Mayun 2019 aka bayyana ɓarakar BlueKeep, wadda ke ba ɗan kutse damar shiga ba tare da kalmar sirri ba. Ta tayar wa Microsoft hankali har ta fitar da gyara ga Windows XP, da ta daina kula da ita tun 2014. Barin wannan ƙofa a fili ganganci ne. A ɓoye ta bayan VPN, ko a bi ta cikin SSH.

Inda umarnin rubutu ya yi wa linzami fintinkau shi ne wajen yawa. Da PowerShell, wadda ta fito a 2006, layi ɗaya na Invoke-Command zai duba sauran wurin ajiya a ɗaruruwan kwamfutoci, maimakon a bi su kujera kujera. Kaifin nan kuma shi ne haɗarinsa, domin umarnin shutdown da aka aika wa jerin da ba shi ba zai kashe ɗaki guda ana tsakiyar jarrabawa. Shi ya sa gwanaye kan fara gwadawa a kan na'ura ɗaya.

Ɗalibin Jami'ar Amurka ta Najeriya ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jiha ba ya bukatar uwar garke kafin ya fara koyo. Tsohuwar laftof daga masu gyara a kasuwar Jimeta ta isa. Ya ɗora mata Ubuntu, wadda kyauta ce, ya ajiye ta a ɗaki, ya fita tsakar gida da wayarsa, ya gwada shiga ta SSH ya sake kunna ta daga can.