Jawabi a Taron Mauludin Shehu: Murīdi a Gidan Yari

 

Ya ku shehunnai da muƙaddamai da 'yan'uwa na Birnin Kudu da Gwaram, a cikinmu akwai waɗanda 'ya'yansu ke tsare a gidan yari, wasu da laifi, wasu ƙaddara ce. Ɗauri ba ya ɗauke wa murīdi lazimi. Istigfari 100, salati 100, hailala 100, safe da yamma, ko babu carbi yatsu sun isa.

Abin tsoro a can shi ne abokin zama. Ɗaki guda ya haɗa mai sallah da mai sayar da ƙwaya, kuma wanda yaro ya shimfiɗa tabarma kusa da shi, halinsa zai fito da shi. Annabi Yusufu, alaihis salam, samari biyu suka shiga kurkuku tare da shi. Kafin ya fassara musu mafarki sai da ya kira su zuwa ga tauhidi. Shehu Ahmadu Bamba na Senegal, Faransawa suka kai shi Gabon a 1895, bai dawo ba sai 1902, kuma bai bar zikiri da rubuta ƙasidu ba.

Mu kuwa, kunya ta hana mu ziyara, sai mu bar su ga miyagu. Muƙaddamai su nemi izinin hukuma, su riƙa shiga ranar Juma'a ana wazifa da su.