Yadda Farisawa Suka Mallaki Masar

Yau maganar Masar za mu yi, ƙasar Fir'auna.

A shekara ta 525 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarkin Farisa Kambisis ya kai wa Masar yaƙi. Farisa ita ce Iran ta yanzu. Aka gwabza, ya ci Masarawa, ya kama sarkinsu.

To, ƙasa ta ciwu, saura riƙo. Sarki Dariyus, wanda ya hau gado daga baya, ya sa aka tara malaman Masar su rubuta dokokin ƙasarsu na gargajiya, don a riƙa shari'a da su. Ya kuma sa aka haƙa hanyar jiragen ruwa daga Kogin Nilu har Bahar Maliya. A bakinta ya kafa duwatsu, aka rubuta labarin aikin cikin harsuna huɗu. Har yau masana suna karanta shi.

Amma fa haraji ya yi nauyi. Masarawa suka yi ta tawaye, har suka sami kansu a 404. Ku lura, lissafin shekarun nan raguwa yake yi. Farisawa suka komo a 343, Iskandar kuma ya ƙwace ƙasar a 332.