Yaro a Bayan Kanta



Ba zan ɓata muku lokaci kan Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ko Dokar 'Yancin Yara ta 2003 ba, kowa a ɗakin nan ya san su. Kano ma ta samu tata dokar kare yara a 2023. Abokan aikina masana shari'a har gobe kira suke a ƙaro doka. Ni kuwa na daɗe ina cewa doka ta ishe mu. Haƙƙin yaro a caji ofis yake salwanta, a daren farko, tun kafin lauya ko alƙali ya san an kama shi.

Ku tuna ranar 1 ga Nuwamba, 2024. Yaran da aka kwaso daga Kano da Kaduna lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, aka tsayar da su a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja bayan kusan wata uku a tsare, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. Duk mun ga haƙarƙarinsu a waya. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Aka sa belin kowannensu naira miliyan 10. Da duniya ta yi caa, Shugaba Tinubu ya ba da umarni a sake su, aka yi ta godiya. To ni tambayata, wata ukun nan fa? Sashe na 211 na dokar 2003 ya ce da an kama yaro a sanar da iyayensa nan take. Sashe na 209 ya ba ɗan sanda ikon kashe ƙaramar magana ba tare da an je kotu ba. Sashe na 207 ya ce a kafa rukunin 'yan sanda na musamman domin yara. Da an bi waɗannan, da yawancinsu a gida za su kwana tun a watan Agusta.

Na taɓa shiga wani caji ofis na tarar da almajiri, bai fi shekara goma sha biyu ba, tsugune cikin manya, robar bararsa tana hannunsa. Zargin satar waya ne. Na ce wa kurtun ya kira wani nasa. Ya ce, "Malam, wa zan kira? Ba shi da kowa." Alhali yaron yana da alaramma, kuma mai unguwa ya san tsangayar.

Za a ce babu kuɗi, kuma yaran ba su da takardar haihuwa. Kiran mai unguwa nawa yake ci? Rundunar da ta bi sawun yaran Kano tara da aka sace har Onitsha ta dawo da su a 2019 ba za ta gaza gane ɗan shekara goma sha biyu ba.

Abin da nake nema bai sauya ba. Kowane caji ofis a birni ya samu jami'i, zai fi kyau mace, wanda aikinsa yara ne kawai, da ɗaki daban da sel ɗin manya. A buɗe littafi da za a riƙa rubuta lokacin da aka kama yaro da lokacin da aka kira waliyyinsa, alƙalin majistare ya duba shi duk wata. DPO ɗin da yaro ya kwana a wurinsa ba a kira kowa ba, shi zai amsa tambaya a gaban kwamishina.