Jawabin Shugaban Taro a Bikin Yaye Matasa Masu Koyon Ɗaukar Hoto, Birniwa

  

A shekarar 1857, a bakin kogin Thames na Landan, ana ƙera wani jirgin ruwa na ƙarfe mai suna Great Eastern, tsawonsa ya zarce mita 200, ba a taɓa yin kamarsa ba. Wani saurayi, Robert Howlett, ya shiga maƙerar da na'urarsa ta ɗaukar hoto. A zamanin kan gilashi ake ɗaukar hoto, a shafa masa magani, a kuma wanke shi nan take kafin ya bushe. Da wannan wahala ya ɗauki gangar jikin jirgin, ya tsayar da injiniyan jirgin, Brunel, a gaban wasu manya-manyan sarƙoƙi ya ɗauke shi. Jarida ta kwaikwayi hotunan ta buga, mutanen da ba su taɓa taka bakin ruwa ba suka san aikin. Howlett ya rasu a 1858 yana da shekara 27. Jirgin kuwa, an farfasa shi tun wajen 1889. Hotunan suna nan.

To, mu fa? Layin dogo daga Kano ya ratsa garin nan ya kai Nguru a 1930, kakanninmu sun loda gyaɗa a tashar nan, amma ni ban taɓa riƙe hoton ko ɗayansu ba. Wannan yana ci mini rai.

Saboda haka roƙona gare ku, 'ya'yana, kada ku tsaya ga biki da suna, ko da yake nan abinci yake. Ku gangara fadamar kogin Hadejia, ku nemi masu haɗa kwalekwale. Ku ɗauki hoton gizago a hannun masassaƙi, da yadda ake jera katako, ake toshe kafa, ake tura sabon jirgi ruwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 ruwan ya sauya hali, ciyawar kacalla ta cinye hanyoyin ruwa, masu sana'ar suna tsufa. Ku gaida dattijo, ku nemi izininsa, ku rubuta sunansa da garinsa a bayan hoton. Idan masunta a Gashuwa suka ga aikinsa a waya, ciniki ne ya zo masa har gida.

Allah ya sa albarka a hannuwanku. Ranka ya daɗe Hakimi, muna roƙon ka taso ka miƙa musu takardun shaidarsu.