Ƙunshi ɗaya, lita ɗaya

An ce in ɗan yi magana kan abin da nake karantawa a jami'a, wato shimi, ilimin sinadarai. Na san da yawanku tun a lise kuka yi bankwana da shi, don haka daga tsakar gida zan ɗauko shi.

Damanar bara ɗan yayata, yaro ɗan wata 14, ya kamu da zawo. Aka karɓo ƙunshin SRO daga gidan likita, garin nan da ake narkarwa a ruwa. Ina shigowa na tarar kakarsa ta juye ƙunshin duka cikin ƙaramin kofi, wai yaro ba ya iya shanye lita guda, kuma magani in ya yi kauri ya fi saurin aiki. Da ƙyar na shawo kanta muka zubar. Don ƙauna ta yi, amma da ya sha da mun ƙara masa ciwo.

Ga dalili. Abin da muke kira kaurin haɗi shi ne yawan abin da aka narkar cikin wani ma'auni na ruwa. Duk mai dafa shayi ya san wannan: sukarin da ya yi daidai a buta, in ka zuba shi a ƙaramin kofi guda ba ya shayuwa. Ƙunshin SRO giram 20,5 ne: gishiri 2,6, sukarin gulukos 13,5, gishirin potasiyam 1,5, sitirat 2,9. Don lita ɗaya aka auna su. In ka zuba su a rubu'in lita, ka ninka kaurin sau huɗu kenan. To, shi ruwa ɗabi'arsa ce ya bi inda ya fi kauri. Ku barbaɗa gishiri kan yankakken tumatir, ku ga yadda yake tsatso ruwa. Haka haɗi mai kauri yake yi a hanji: ruwan jikin yaron yake janyowa waje, zawo ya ƙaru, gishiri ya taru a jini har ya iya taɓa ƙwaƙwalwa. Kai, su kansu masana a 2002 rage kaurin suka yi, daga 311 zuwa 245 a ma'auninsu, da hukumar lafiya ta duniya da UNICEF suka fitar da sabon haɗi.

Wani zai ce, to a ba shi ruwa zalla mana. Ai ba ruwa kaɗai zawo yake fitarwa ba. A ɗakin gwaji mukan tsoma waya biyu daga batir cikin ruwan gishiri, sai ƙwan fitila ya kama. A ruwan sukari shiru. Gishiri in ya narke yakan rabu gida biyu, sodiyam da kulorid, kowanne ɗauke da cajin lantarki. Irin waɗannan ake kira elektrolit, kuma da su jijiyoyi suke aika saƙo, da su zuciya take bugawa. Yaron da ya rasa potasiyam za ka gan shi laƙwas.

Sukarin fa, ba don zaƙi aka sa shi ba, kuma nan ne abin ya fi burge ni. A bangon hanji akwai wata ƙofa da ba ta shigar da sodiyam sai tare da gulukos. In sun shiga, ruwa ya bi bayansu. Ko kwalara ba ta rufe wannan ƙofa. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladesh, wani likita ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya rasa isasshen ruwan ƙari a sansanin ƴan gudun hijira, sai ya sa dangi suna shayar da marasa lafiyarsu wannan haɗi. Mace-mace suka sauko daga wajen kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Mu da muka ga kwalarar 2021 a Maraɗi, Damagaram da Tawa, wannan ba labarin nesa ba ne.

Saura tsami. Ƴan uwa mata, kun san in aka ɗiga ruwan kanwa a zoɓo jansa yakan juye ya yi duhu, tsamin kuma ya mutu. Muna auna tsami da ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14: lemun tsami wajen 2, ruwa zalla 7, kanwa can sama. Jinin mutum tsakanin 7,35 da 7,45 yake zama, ɗan siririn wuri. Zawo yana kwashe bikarbonat ɗin da ke tsare wannan iyaka, jini ya karkata wajen tsami, sai ka ga yaro yana jan dogon numfashi da sauri. Sitirat ɗin cikin ƙunshin, jiki ne yake mai da shi bikarbonat. Amma don Allah kada wani ya fita nan ya ce na ce a jiƙa wa yaro kanwa. Ita ba a auna ta ba. Lemun kwalba ma a bar shi: sukari fal, gishiri kusan babu.

Abin da nake roƙon ƙungiyarmu ƙarami ne. Kowa ya nemo kwalbar lita ɗaya ya wanke ya ajiye a gida, ya nuna wa iyaye mata. In ruwan leda ne a duba jikinta, mai rabin lita guda biyu ake sawa. In babu ƙunshi, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe ba a tsiri ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A ba yaro kaɗan-kaɗan da cokali. In ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba. Kada a daina ba shi nono. Abin da ya wuce awa 24 a zubar a haɗa sabo, a kuma karɓo ƙwayar zink, ana ba da ita kwana 10 zuwa 14. Amma in ido ya faɗa, ko yaro ya kasa sha, ko aka ga jini a bayan gidansa, a ɗauke shi zuwa likita nan take, ko da tsakar dare ne.